Saitin adana iri na riyal 145 a Jidda: silika da kwalabe sun biya kuɗinsu, raga kuwa sai a hankali

Kwali ɗaya ne, na saye shi a wani shagon kayan gida da ke kudancin Jidda, riyal 145 har da harajin nan na kashi 15 da ake ɗorawa a kan kaya tun 2020. A ciki akwai kwalaben gilashi shida masu zoben roba a murfi da maƙallin ƙarfe, da rabin kilo na ƙwayoyin silika masu ruwan lemo, waɗanda suke shanye danshi, da ɗan agogon auna laimar iska, da ragar shanya mai hawa huɗu wadda ake ratayewa, sai 'yan takardun liƙawa na rubuta suna. Irina ya ƙetare zafin Jidda a cikinsa, na shuka, na ga abin da ya fito da abin da ya ƙi, don haka yanzu ina da bakin magana. Silika da kwalabe sun biya kuɗinsu. Agogon yana da amfani, amma sai ka kama ƙaryarsa tukuna. Ragar kuwa, da daban ake sayar da ita da ko kallo ba ta ishe ni ba.

Lambuna saman bene ne, bokitan fenti da akwatunan kifi da na tsinto a kasuwa. Ina shuka kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyahu, gauta, attaruhu da ɗan wake. Kuɓewa da lalo ba su da wuya, kowane shagon iri yana da su don Larabawa ma suna ci. Amma je ka nemi irin gauta ko attaruhu mai ƙamshin nan namu, ko yakuwa mai jan kara, ka ga ikon Allah. Waɗannan daga hannu zuwa hannu suke yawo tsakanin matanmu, wata ta ba wata a ƙullin leda ranar suna ko biki. In naki ya mutu, sai ki koma bin gidaje kina cigiya, kuma sau da yawa wadda kika dogara da ita ita ma nata ya tafi. Abin da ya sa na cire kuɗi na sayi kwalin ke nan, ba don ado ba.

Gwaggona, wadda ta zo ƙasar nan daga Kano tun kafin a haife ni, da ta ga kwalin sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da toka muka san iri. A gauraya, a zuba a gora, a toshe da tsumma, a rataye a ɗaki. Har damina ta zagayo ba abin da zai same shi." Na ce, "Gwaggo, gaskiyarku, amma ku tuna a wane wata kuke zuba shi a gorar." Ta yi shiru, sannan ta ce bayan kaka. To nan ne gizo yake saƙar. A Kano iri yana nuna ne daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, sai hunturu ya biyo baya da iskar da take tsage leɓe, wadda laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20. Iskar ce take yin aikin busarwa, toka da gora su dai tsare ƙwari suke yi. Mu a nan komai a juye yake. Muna shuka daga Oktoba, iri ya nuna tsakanin Maris da Mayu, sai ya faɗa kai tsaye cikin watannin da teku yake huro mana gumi. Duk wanda ya taɓa fitowa daga ɗaki mai sanyi a watan Satumba ya ga tabaransa ya yi hazo nan take ya san abin da nake nufi. Ga zafi kuma yana kai wa digiri 40, har a Yunin 2010 an auna 52 a garin nan.

Iri abu ne mai rai, numfashi yake yi a hankali, kuma yana zuƙar danshi daga iska har sai ya daidaita da ita. Duk yadda ka shanya shi, in ka bar shi a takarda cikin iskar Jidda, zai sake sha. Wani masanin iri na Jami'ar California, J. F. Harrington, ya bar ƙa'idoji biyu da masu harkar suke aiki da su har gobe: duk kashi 1 da ka rage na ruwan jikin iri, tsakanin kashi 14 da kashi 5, ka ninka tsawon ransa, kuma duk digiri 5 da ka rage na zafin wurin ajiya ka sake ninkawa. In ruwan ya haura kashi 13 ko 14, hunhuna ce za ta shiga. In ya sauka ƙasa da 8 ko 9, ƙwari ma ba sa iya hayayyafa sosai. Abin da silikar nan take yi, a ganina, hunturun Kano take sayar maka a cikin kwalba.

Bari in fara da ragar in wuce ta. Da gani don shanya ganye ko kifi aka ɗinka ta, aka cusa ta a kwalin don ya cika ido. Kwanson kuɓewa da na wake suna zama lafiya a kai, iska tana ratsawa, zik ɗin yana hana ƙuda da tsuntsaye. Amma idanunta sun yi faɗi. Irin alayyahu da na lalo zubewa suke yi ta ƙasa, daga hawa zuwa hawa, su gauraya da na ƙasansu. Sai ka shimfiɗa takarda ko faifai a ciki, kuma in dai sai na sa faifai, to faifan ma shi kaɗai ya isa. Igiyar ratayewar ta fara zarewa tun kafin zafi ya kama sosai. Abu ɗaya da zan yaba mata, ta sa na daina tunanin shanya a siminti. Daɓen saman bene da rana tsaka yana ƙona tafin ƙafa, iri kuwa ba ya son ya wuce digiri 35 wajen bushewa. Inuwa yake so da iska. A cikin ɗaki kusa da na'urar sanyaya ɗaki na rataye ta, don iskar na'urar busasshiya ce, kuma nan ne ta fi yin aiki.

Kwalaben masu kauri ne, kowacce rabin lita, bakinsu da faɗi har hannu yana shiga. Kafin in zuba iri na gwada su, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka: zuba cokali ɗaya na silika a kowace kwalba ba komai a ciki, ka rufe, ka jera su a banɗaki inda tururi yake, ka manta da su na ɗan lokaci. Wadda take riƙe iska silikarta za ta zauna da launinta na lemo. Wadda take yoyo za ta fara komawa kore. Biyar sun tsaya daram. Ta shidan ta yi kore daga gefe guda, da na duba sai na ga zoben robar yana da ɗan tudu inda aka haɗa shi, murfin ba ya kwanciya. Da ido kawai ba za ka taɓa ganewa ba, don maƙallin yana rufuwa da ƙara kamar sauran.

Na mayar da ita shagon da rasit. Yaron da ke tsaron shagon bai ja magana ba, ya ce, "Ba komai, Hajiya," ya buɗe wani kwalin ya ciro min wata. Wannan na yaba. Amma da na tambaye shi ko suna sayar da zoben roba daban, sai ya ce babu, kuma bai san me ake yi da silikar ba, shi a zatonsa turaren ɗaki ce. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma 'yar guntuwa ce, Turanci da Larabcin da na'ura ta fassara, kuma akwai wurin da ta ɓatar da mutane, zan zo kansa.

Silika ita ce zuciyar kayan. Ƙwayoyi ne masu ƙarfi, ba su da wari, suna iya shan danshi har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu. Yadda nake yi: bayan iri ya bushe a inuwa har na ga kwanso yana fashewa da kansa, sai in murje, in bakace, in zuba kowane iri a ambulan ɗin takarda in rubuta suna da wata da shekara. In auna ambulan ɗin duka a ma'aunin kicin, in auna silika daidai nauyinsu, in ƙulle ta a yankin shara-sharan mayafi, in haɗa su a kwalba ɗaya in rufe. Mako guda ya isa. Abin da ya ba ni mamaki, irin attaruhun da na rantse ya bushe ƙarau, wanda yake ƙara in an girgiza shi, kwana biyu kawai ya mayar da silikar kore. Ashe da sauran ruwa a jikinsa. Da a ce na rufe shi haka a kwalba ba silika, da na kulle shi da abin da zai kashe shi, don kwalbar da take hana danshi shiga ita ce kuma take hana shi fita. Wannan ne ya sa mata da yawa suke cewa kwalba tana ruɓar da iri. Kwalbar ba ta da laifi, da ruwansa aka zuba.

In an gama makon, ga yadda ake gane ya yi. Irin kabewa ko na kankana, in ka lanƙwasa shi ya karye ɓas, ya bushe, in ya tanƙwaru da saura. Wake ko kuɓewa, ɗora ƙwaya ɗaya a ƙasa ka buga da taɓarya: busasshe tarwatsewa yake yi, mai danshi lotsewa.

Silikar da ta yi kore ba a zubarwa. A baza ta a tire, a sa a tandar gashi a digiri 110 zuwa 120 na awa ɗaya ko biyu, za ta koma ruwan lemo. A juye ta a kwalba tun da ɗuminta a rufe, in ba haka ba kafin ta huce ta fara shan iskar kicin. Kada a ƙara wuta don sauri, launin da yake nuna alama yana ƙonewa, sai ta zama ba ka san lokacin da ta ƙoshi ba. Kuma na ji daɗi da mai ruwan lemo suka sa. Akwai shuɗiya wadda take komawa ruwan hoda, ita sinadarin kobal ne a jikinta mai illa, ba abin da za a sa a tandar da ake gasa wa yara abinci ba ne.

Yanzu ga inda takardar ta yi ɓarna. Ta ce a bar silikar duka tare da iri har lokacin shuka. Maƙwabciyata da muka sayi kayan tare ta bi wannan, ta cika kwalbar kuɓewa da silika ta bar ta tun Mayu. Da Oktoba ta zo ta shuka, mako biyu shiru, sai ɗaya nan ɗaya can. Ta zo min rai a ɓace wai kwalba ta kashe mata iri. Muka tono, muka tarar ƙwayoyin suna nan lafiya, ko kumbura ba su yi ba. Kuɓewa da wake haka suke, in suka bushe fiye da kima ɓawonsu yana taurare har ruwa ya kasa shiga. Sauran da ke kwalbar muka fito da su, muka bar su a faifai 'yan kwanaki suka sha iska, muka ɗan goga kowace ƙwaya a jikin siminti, muka jiƙa su kwana ɗaya, sai ga tsiro. Wake ma ya fi kuɓewa tsautsayi, don in ya bushe ƙwarai aka jefa shi ruwa kai tsaye yakan tsage daga ciki. Don haka bayan makon busarwa a cire babban ƙullin, a bar ɗan cokali guda kawai a matsayin mai gadi. Ranar da ka ga ya fara kore ka san iska ta sami hanya.

Agogon auna laimar ya zo da baturinsa, lambobinsa manya, kuma yana shiga kwalba, wanda shi ne amfaninsa. Amma irin waɗannan masu araha ba a yarda da su sai an gwada, kuma gwajin a kicin yake. Na cika murfin robar ruwa da gishirin girki, na ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, na sa shi a kwalba tare da agogon na rufe, na bar su suka kwana. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da laima a kashi 75, wannan ɗabi'arsa ce ko a ina. Da safe nawa ya nuna 68. Babu wurin saitawa a jikinsa, sai na liƙa masa takarda a baya na rubuta "ƙara 7". Na maƙwabciyata ya nuna 79, kwali iri ɗaya, shago ɗaya. In ka san ƙaryar naka, sai ka nemi kwalbar iri ta zauna wajen 25 zuwa 35. Manyan rumbunan iri na duniya suna busarwa a laimar kashi 10 zuwa 25, sannan su ajiye a digiri 18 ƙasa da sifili, kamar wanda aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008. Su shekaru aru-aru suke hange. Mu dai gauta ta kai Oktoba da ranta, in ta ƙara shekara biyu ko uku a kai, alhamdu lillahi.

Kwalin bai ce komai ba game da inda za a ajiye kwalaben, alhali rabin aikin ke nan. Kicin da ɗakin ajiya na saman bene duk ba wurinsu ba ne. Nawa suna aljihun ƙasa na firiji. Daga ɗaki mai digiri 25 zuwa firiji mai digiri 5 an rage 20, a lissafin Harrington an ninka sau huɗu ke nan, wato ninki 16. Maigida ya yi ƙorafin an cinye masa wurin laban, nonon nan na Larabawa, amma ya haƙura. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a Jidda ba wasa ba ne: in ka fito da kwalba kada ka buɗe sai ta huce ta daina gumi. In ka buɗe da sanyinta, raɓar da kake gani a bayan gilashin ita ce za ta sauka a kan irin.

Wake yana da nasa ciwon kan. Ƙwaronsa tun a gona yake saka ƙwai, ka shigo da shi gida ba ka sani ba, cikin mako uku zuwa huɗu a wannan zafin wasu sun ƙyanƙyashe sun fara huda. Bayan ya bushe da silika, nakan sa kwalbar a firiza mako guda, ƙwai da tsutsa duk su mutu. Sai bayan bushewa, a kula, don ɗanyen iri in ya daskare ƙanƙara ce take fasa shi. Wanda ba shi da wuri a firiza ya cika kwalbar har baki ya rufe, ƙwarin za su cinye iskar da ta rage su shaƙe. Dabarar buhun nan mai ɓawo uku ke nan, na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007 saboda wake. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa a buhu kuwa kada wanda ya shigo da ita gidan haya mai rufaffun tagogi, hayaƙinta yana kashe mutum. Toka ta Gwaggo tana aiki a kan wake, ban musa ba, amma ina za a samo tokar itace a bene hawa na uku? Ta gawayin turare dai ba zan zuba wa irina ba.

Sakamakon shuka: kafin in zuba a bokiti nakan ɗauki ƙwaya goma daga kowane ambulan in naɗe a jiƙaƙƙen tishu in sa a leda. Gauta da attaruhu, waɗanda a da nake asarar fiye da rabinsu, kusan duka suka tsaga. Yakuwa da rama haka. Alayyahu da lalo dama ba su cika ba da wahala ba. Ambulan ɗin lalo dai a nisanta shi da yara, ganyensa abinci ne amma irinsa yana da guba. Irin albasa ya fito da rauni, wannan kuma halinsa ne, shekara guda yake yi ko da wace kwalba, ba kamar tumatir da kankana da suke kai shekara huɗu zuwa biyar ba.

Akwai abin da ba a sa wa silika sam. Ƙwallon mangwaro, da na fiya, da goro, in suka bushe sun mutu, shi ya sa 'yan goro suke lulluɓe shi da ɗanyen ganye suna yayyafa ruwa. Haka kuma wanda yake sayen fakitin iri mai rubutun F1, wato irin da aka samu ta hanyar aure tsakanin iri biyu, ya tara 'ya'yansa, kwalba za ta adana masa su lafiya, amma abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Wannan ya sayi sabo kowace shekara ya huta.

Wa ya kamata ya saya? Mutanen bakin teku, Jidda da Yanbu da Jazan da Dammam, su ne abin ya zame wa dole. Na Madina da Riyad iskarsu busasshiya ce tun asali, kwalba mai kyau da firiji sun ishe su, na Ɗa'if kuma ga sanyin dutse a kyauta. Ko a Jiddan ma, in da zan sake saye ba zan ɗauki kwalin ba. Zan sayi silika mai ruwan lemo kilo guda daban, da agogo guda, in bar ragar a shago. Kwalabe kuma in zaɓi waɗanda ake samun zobensu a kasuwa, don robar waɗannan ta fara tauri, kuma ranar da ta tsage kwalbar ta koma ta zuba sukari.